Ƙuri'a Mai Suna: Darasi Daga Kundin Majalisa na Jeannette Rankin

Ranar Litinin, 8 ga Disamba, 1941, akawun Majalisar Wakilan Amurka ya ɗauki jerin sunayen 'yan majalisa ya fara kira ɗaya bayan ɗaya. Kwana ɗaya kafin nan ne jiragen yaƙin Japan suka yi wa sansanin sojan ruwa na Pearl Harbor ruwan bama-bamai, suka kashe Amurkawa sama da 2,400. Shugaba Franklin Roosevelt ya zo majalisa da kansa ya nemi a ƙaddamar da yaƙi. A Majalisar Dattawa sanatoci 82 suka amince, babu ko ɗaya da ya ƙi. A Majalisar Wakilai ma duk wanda aka kira sunansa sai ya ce ya yarda, har aka zo kan wata dattijuwa 'yar shekara 61 daga jihar Montana, Jeannette Rankin. Ta ce a'a.

Zaure ya kaure da tsaki da ihu. Wasu abokan aikinta suka matsa mata ta janye, ko kuma ta ƙaurace wa ƙuri'ar, don duniya ta ga cewa bakin Amurka ɗaya ne. Ta ƙi. Aka ƙirga, aka samu 388 sun ce e, mutum ɗaya ya ce a'a. Da ta fito, 'yan jarida suka yi mata caa, har sai da ta shige ɗan ɗakin buga waya ta rufe ƙofa, 'yan sandan majalisa suka zo suka raka ta ofis.

Ga tambayar da ta sa muka ɗauko wannan labari. Mutumin da jama'a suka tura ya yi magana da yawunsu, shin yana da hurumin ya ce a'a a ranar da kusan dukansu ke cewa e? In ya yi haka, amana ya riƙe ko amana ya ci? Mu dai sana'armu rubuta manhajar kwamfuta ce, ba mu taɓa neman ko kansila ba. Amma muna kaɗa ƙuri'a duk bayan shekara huɗu, kuma aikinmu ya koya mana wani abu game da rubutaccen tarihi wanda za mu zo kansa a gaba. Kafin nan, bari mu duba abin da matar nan ta bari a kundi.

Shekara huɗu kacal

An haifi Rankin a 1880 kusa da garin Missoula. Ta karanta ilimin halittu a Jami'ar Montana, ta gama a 1902, ta yi aikin jin ƙai, daga nan ta tsunduma cikin gwagwarmayar nema wa mata 'yancin zaɓe. Jiharta ta ba mata wannan 'yanci a 1914. A Nuwamba 1916 ta ci zaɓe a ƙarƙashin jam'iyyar Rifablikan, ta zama mace ta farko da ta taɓa shiga majalisar dokokin tarayyar Amurka, alhali matan yawancin jihohin ƙasar ba su ma da ikon zuwa rumfar zaɓe.

Ranar da ta fara zama a majalisa, 2 ga Afrilu, 1917, ita ce ranar da Shugaba Woodrow Wilson ya nemi a yaƙi Jamus. Kwana huɗu bayan nan aka kaɗa ƙuri'a: 373 suka amince, 50 suka ƙi, tana cikin 50 ɗin. Ta ce tana son ta tsaya tare da ƙasarta, amma ba za ta iya zaɓar yaƙi ba. Maza 49 suka yi abin da ta yi, amma ita aka fi yi wa ca, don ita ce mace. Har wasu shugabannin gwagwarmayar mata sun ji haushinta, suna ganin ta ba abokan gaba hujjar cewa mace ba ta da zuciyar yanke hukunci mai nauyi.

Kundinta bai tsaya nan ba, kuma yana da kyau mu faɗi sauran. A Yuni 1917 gobara ta tashi a wata mahaƙar tagulla a garin Butte, ma'aikata 168 suka mutu. Rankin ta goyi bayan mahaƙa a yajin aikin da ya biyo baya, ta yi karo da kamfanin Anaconda, wanda a lokacin shi ke juya siyasa da jaridun Montana. A Disamba 1917, da aka kawo batun yaƙar Ostiriya da Hangari, ta amince, bisa hujjar cewa yaƙin an riga an shiga, wannan cike gurbi ne kawai. A ranar 10 ga Janairu, 1918, ita ta buɗe muhawara kan gyaran kundin tsarin mulki da zai ba matan ƙasar duka 'yancin zaɓe. Ƙudurin ya samu ƙuri'a 274 da 136, wato daidai kashi biyu bisa uku da ake buƙata. Da mutum ɗaya ya sauya sheƙa, da ya faɗi. Majalisar Dattawa ta yi watsi da shi a wancan karon, sai a 1920 ya zama doka, bayan ta bar majalisa. Haka nan ƙudurin da ta gabatar kan lafiyar masu jego da jarirai bai wuce a hannunta ba, sai a 1921 wata doka mai irin manufarsa ta tabbata da sunan wasu.

A 1918 ta nemi kujerar sanata ta sha kaye. Ta shafe shekara ashirin da wani abu a waje tana aikin ƙungiyoyin hana yaƙi. A 1940, tana da shekara 60, ta sake tsayawa ta ci. Shekara guda bayan nan ta kaɗa ƙuri'ar da muka fara da ita. Ranar 11 ga Disamba, da aka zo kan Jamus da Italiya, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, ta ce a rubuta tana nan. A 1942 ba ta ma sake neman kujerar ba, don ta san babu mai zaɓarta.

Wa'adi biyu ke nan, shekara huɗu gaba ɗaya. In da za a auna ta da ma'aunin da muka saba gani a allunan talla, wato yawan ƙudurorin da suka zama doka da sunanta, da sai a ce ba ta tsinana komai ba.

Abin da masu zarginta ke cewa

Ba za mu yi wa matar nan kirari mu wuce ba, domin hujjojin da ke kanta suna da nauyi.

Hujja ta farko ita ce wakili ɗan aike ne. Kujerar ba gadon gidansu ba ce, ta mutanen yammacin Montana ce. A wannan rana mutanen nan suna son a rama, 'ya'yansu suna layin shiga soja, su kuwa aka rubuta musu a'a a kundin ƙasa ba da yawunsu ba. In ka aiki yaro ya sayo maka gero ya dawo da dawa ya ce ita ta fi maka amfani, ko da gaskiya ya faɗa, ba aikenka ya yi ba.

Hujja ta biyu ita ce 1941 daban take da 1917. A yaƙin farko ana iya gardama kan ko Amurka na da dalilin tsallaka teku, shi ya sa mutum 50 suka ƙi. A na biyu kuwa an zo har gida an kashe mutane. Ita kanta Rankin a yaƙin neman zaɓen 1940 abin da ta yi alkawari shi ne a ƙarfafa tsaron gida, a hana tura samari Turai. To ga shi gidan aka taɓa. Mai zarginta zai ce alkawarin nata bai rufe wannan rana ba.

Hujja ta uku ita ta fi ciwo. Ta san ƙudurin zai wuce ko da ita ko babu ita. Saboda haka ta samu damar wanke hannunta, yayin da sauran 388 suka ɗauki nauyin jinin da za a zubar don kare ƙasar da ita ma take kwana a cikinta. Tsarkin da wasu ke biyan kuɗinsa, tsarki ne mai araha. Masanin zamantakewa Bajamushe Max Weber ya yi wata lacca a birnin Munik a 1919 inda ya raba halin ɗan siyasa gida biyu: akwai mai bin aƙidarsa ko me za ta haifar, akwai kuma mai ɗaukar nauyin abin da matakinsa zai jawo. Weber ya yi kashedi cewa mai riƙe da madafun iko ba shi da damar ya ce shi dai niyyarsa mai kyau ce, sakamako ba ruwansa. Tambayar da za a yi wa Rankin ita ce: da ƙuri'arki ce raba gardama, da za ki ce a'a?

Kuskure daban, cin amana daban

Bari mu faɗi matsayinmu a fili. A ganinmu, Rankin ta yi kuskure a 1941. Ƙasar da aka kai wa irin wannan hari tana da haƙƙin kare kanta, kuma abin da sojojin Japan suka riga suka aikata a Sin, da abin da 'yan Nazi ke aikatawa a Turai, ba abu ne da zaman lafiya na baki zai tsayar ba. Hujja ta biyu ta kama ta, kuma ba mu da amsar da za ta kuɓutar da ita gaba ɗaya daga ta uku.

Amma muna cewa ba ta ci amanar kowa ba. Dalilinmu shi ne, misalin ɗan aike bai cika ba. Ɗan aike ana gaya masa abin da zai sayo kafin ya fita. Ɗan majalisa kuwa ana tura shi ne gaban matsalolin da babu wanda ya san za su zo. Mutanen Montana da suka kaɗa ƙuri'a a Nuwamba 1940 ba su san da Pearl Harbor ba. Abin da suka sani shi ne halin wadda suke turawa. Shi ya sa a zaɓe, hali da hankalin mutum ake saye, ba jerin amsoshi ba. Edmund Burke, ɗan majalisar Ingila, ya faɗa wa masu zaɓarsa a Biristol irin wannan magana a 1774: cewa abin da suke binsa ya haɗa da hankalinsa, kuma in ya yar da hankalin don ya faranta musu, ya cuce su. Sai dai mutane kan manta ƙarshen labarin. A 1780 mutanen Biristol suka juya masa baya saboda matsayinsa kan cinikin Ayalan da sassauta wa 'yan Katolika, ya rasa kujerar. Haƙƙinsa ne ya bi hankalinsa, haƙƙinsu ne su kore shi. Rabin nan biyu tare suke tafiya, in aka cire ɗaya ɗayan ya lalace.

Daga nan muka fitar da sharuɗɗa uku da muke ganin su ke raba mai bin lamirinsa da maci amana.

Na farko, ya bayyana ko shi wane ne tun kafin a zaɓe shi. Babu wanda ya zaɓi Rankin a 1940 cikin duhu. Ƙuri'arta ta 1917 sananniya ce, shekarun da ta yi tana wa'azin hana yaƙi ma ba a ɓoye ta yi su ba. Wanda ya sayi barkono bai isa ya yi ƙarar mai kanti don ya ji yaji ba.

Na biyu, ya sa sunansa a kan ƙuri'arsa. Tana da hanyoyin zillewa da yawa. Za ta iya cewa ba ta da lafiya, za ta iya fita kafin a zo kan harafin sunanta, za ta iya yin shiru. Ta zauna ta amsa, aka rubuta.

Na uku, ya karɓi kuɗin abin da ya yi. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Ta rasa kujerarta, ta rasa mutuncinta a idon mutanen jiharta na tsawon shekaru, ba ta kuma ce maƙiya ne suka yi mata sharri ba. A nan ne hujjar tsarki mai araha ta ɗan raunana. Gaskiya ne ƙuri'arta ba ta hana yaƙi ba, amma ba kyauta ta kaɗa ta ba. Ta biya da duk abin da ɗan siyasa ke da shi.

Wanda ya cika waɗannan uku zai iya yin kuskure, kuma jama'a za su iya hukunta shi a kan kuskuren, domin sun gan shi. Wanda ya kasa cika su, ko da ra'ayinsa daidai ne, ya ƙwace wa jama'a ikon yi masa hisabi. Wannan ƙwacen shi muke kira cin amana.

Amfanin wanda ya tsaya shi kaɗai

Kada a fahimce mu cewa duk wanda ya ware shi ne mai gaskiya. Kaɗaici ba hujja ba ne, akwai masu ware kansu don taurin kai ko neman suna. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma sau da yawa masu rinjaye su ke kan daidai. Matsalar ita ce a ranar da ake kaɗa ƙuri'a, babu wanda ya san tabbas ko wace irin rana ce.

A Agusta 1964, bayan rahoton cewa an kai wa jiragen ruwan Amurka hari a mashigin Tonkin, Majalisar Wakilai ta ba Shugaba Lyndon Johnson ikon amfani da ƙarfi a Biyetnam da ƙuri'a 416, babu mai adawa. A Majalisar Dattawa mutum biyu ne kawai suka ƙi, Wayne Morse da Ernest Gruening. Daga baya ya bayyana cewa hari na biyu da aka kafa hujja da shi bai ma faru ba, yaƙin kuma ya ci Amurkawa sama da 58,000 da 'yan Biyetnam da suka ninka haka sau da yawa. A ranar 14 ga Satumba, 2001, kwana uku bayan harin New York da Washinton, Barbara Lee ta jihar Kalifoniya ce kaɗai ta ƙi amincewa da dokar da ta ba shugaban ƙasa ikon yaƙi mai faɗi, aka tashi 420 da 1. Shugabannin da suka biyo baya sun yi ta jingina da wannan doka wajen kai farmaki a ƙasashe daban-daban har tsawon shekara fiye da ashirin.

Zauren 1941 da na 1964 da na 2001 duk iri ɗaya suke a ido: fushi, gaggawa, da kiran a haɗa kai. A ɗaya mai cewa a'a ta yi kuskure, a sauran tarihi ya fi tausasa wa masu cewa a'a. Majalisar da ta toshe bakin Rankin, ta toshe bakin Morse da Lee tare, don ba ta da na'urar bambanta su a ranar. Abin da za ta iya yi kawai shi ne ta bar kowa ya faɗa, ta rubuta sunansa, ta bar wa gobe hukunci.

Abin da aikinmu ya koya mana

Mu masu rubuta manhaja muna aiki da wani kundi da ake kira Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005. Duk layin da aka ƙara ko aka goge, kundin yana ajiye sunan wanda ya yi, da rana, da dalilin da ya rubuta. Akwai ma wani umarni a cikinsa wanda ma'anar sunansa ita ce zargi: ka nuna layi, ya faɗa maka hannun wa ya taɓa shi a ƙarshe. Sabon shiga yakan tsorata da shi. Wanda ya daɗe ya san cewa shi ne rufin asirin kowa.

Mun taɓa aiki mu shida a kan wata manhajar biyan albashi. Ana saura kwana biyu ƙarshen wata muka so mu saki wani gyara. Ƙaraminmu, wanda bai fi wata biyar da fara aiki ba, ya rubuta a shafin bita cewa bai yarda ba, gwajin bai isa ba. Muka ji haushi. Amma tun da ya rubuta, dole muka zauna muka rubuta dalilinmu na tsallake shi, kowa ya sa sunansa. Aka saki gyaran, babu abin da ya faru. Yaron bai yi daidai ba a wannan karon. Bayan wata takwas wata matsala ta daban ta taso a wannan sashe, kuma bayanin nan da ya tilasta mana rubutawa shi ne kaɗai takardar da ta nuna yadda muka gina wurin. Da ita muka gano bakin zaren cikin sa'a guda.

Akwai kuma wata shawara da muka yanke da baki a ɗakin taro, aka tambaya kowa ya yarda, aka ji guna-gunin amincewa, aka tashi. Da abin ya fashe, mu shida babu wanda ya tuna ya yarda. Kowa ya ce shi dama yana da shakka. Ba wai maƙaryata ne mu ba, haka zuciyar ɗan Adam take in babu rubutu.

Wani abu kuma da duk mai wannan sana'a ya sani shi ne, ba a auna gwani da yawan layukan da ya rubuta. Ranar da aka fara biyan mutane bisa yawan layi, ranar za su fara rubuta shirme mai tsawo. Sau da yawa aiki mafi daraja a mako shi ne layi ɗaya da wani ya hana a saka. Haka ma ɗan majalisa. Ƙuduri hamsin da aka karanta sau ɗaya aka jefa a durowa ba su kai ƙuri'a ɗaya ta 10 ga Janairu, 1918 ba.

Mu dawo gida

Abin da ya ba mu damar yin wannan muhawara a kan Rankin bayan shekara fiye da 80 shi ne an kira suna an rubuta. Kundin tsarin mulkin Amurka ya tanadi cewa in kashi ɗaya bisa biyar na waɗanda ke zaure suka nema, dole a rubuta e da a'a na kowane mutum a littafin majalisa. Su ma suna yin ƙuri'ar murya a kan ƙananan abubuwa, amma manyan al'amura da suna ake yinsu.

A majalisar dokokin Nijeriya kuwa, mai sanatoci 109 da wakilai 360, abin da aka fi yi shi ne shugaba ya ce masu goyon baya su amsa, masu adawa su amsa, ya saurari wane ihu ya fi ƙarfi, ya buga guduma. A ranar 18 ga Maris, 2025, Shugaba Bola Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci a jihar Ribas, ya dakatar da gwamna da mataimakiyarsa da majalisar jihar na wata shida. Sashe na 305 na kundin tsarin mulki ya ce sai kashi biyu bisa uku na dukkan mambobin kowace majalisa sun amince, wato sanatoci 73 da wakilai 240. Ranar 20 ga Maris majalisun biyu suka amince da ƙuri'ar murya. Ba muna nan ne don mu ce dokar daidai ce ko ba daidai ba ce. Abin da muke cewa shi ne kunne ba ya ƙirga 240, kuma har yau mai karanta wannan rubutu ba shi da littafin da zai buɗe ya ga me wakilinsa ya ce a ranar.

Mun kuma ga yadda abin yake in aka kira suna. Ranar 15 ga Yuli, 2021, Majalisar Dattawa ta rabu kan batun aika sakamakon zaɓe ta intanet. Shugaban marasa rinjaye na lokacin, Enyinnaya Abaribe, ya nemi a ƙirga. Kowane sanata ya miƙe ya faɗi matsayinsa. Mutum 52 suka zaɓi a ɗaure hukumar zaɓe da amincewar hukumar sadarwa da ta majalisa, 28 suka zaɓi a bar mata ikonta, 28 ba sa nan. Kafin gari ya waye jerin sunayen ya zagaye wayoyin jama'a, kowa ya nemi sunan nasa sanatan, har da waɗanda ba a gani ba. A Oktoba majalisar ta janye matsayinta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

To amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yaushe rabon da mu tambayi ɗan majalisarmu yadda ya kaɗa ƙuri'a a kan kasafin kuɗi, ko bashin ƙetare, ko dokar haraji? In ya zo gida, layin da muke yi a ƙofarsa na kuɗin magani ne, da kuɗin makaranta, da takardar neman aiki. In za mu yabe shi, babura da kekunan ɗinki da injinan markaɗe muke lissafawa. Ba mu raina wannan buƙata ba, talauci gaskiya ne, kuma wanda ɗansa ke kwance a asibiti ba zai tsaya tambayar sashe na 305 ba. Sai dai mu sani cewa mun ɗauki mutum aikin yin doka da sa ido kan gwamnati, muna kuma duba shi da ma'aunin mai rabon zakka. Shi ma ya gane abin da ake dubawa, shi yake kawowa. Ƙuri'ar murya ta yi masa daɗi, domin a Abuja zai yi ihu tare da masu rinjaye, a gida kuma ya rantse cewa shi yana cikin waɗanda suka ƙi.

Abin da muke bin sa, abin da yake bin mu

Rankin ta rayu har ta ga wani yaƙin. A Janairu 1968, tana da shekara 87, ta jagoranci dubban mata zuwa Washinton don adawa da yaƙin Biyetnam. Ta rasu a 1973. A 1985 jihar Montana, wadda ta juya mata baya sau biyu, ta kafa mutum-mutuminta a ginin majalisar ƙasa. Wannan bai nuna cewa sun yarda da ƙuri'arta ta 1941 ba. Mu ma da muka rubuta wannan ba mu yarda da ita ba. Abin da ya nuna shi ne mutane suna iya girmama wanda suka saɓa da shi, muddin bai yaudare su ba.

Saboda haka abin da muke bin wakili bai kai ya yarda da mu kullum ba, bai ma kai ya yi daidai kullum ba, don wannan babu ɗan Adam da zai iya. Muna bin sa ya gaya mana ko shi wane ne, ya kasance a kujerarsa ranar da abu ya yi zafi, ya amsa da sunansa, ya dawo ya tsaya gabanmu ya yi bayani. Shi kuma yana bin mu abu ɗaya mai wuya: in ya faɗa mana gaskiyar yadda ya kaɗa ƙuri'a, kada mu hukunta shi fiye da yadda muke hukunta wanda ya ɓoye tasa. In mai bayyanawa ne kullum ke shan duka, mai ɓoyewa ke komawa kujera, to mu ne muke koya musu ɓoyewa.

Zaɓe na tafe, 'yan takara za su shigo unguwanni da motocin kiɗa. Duk wanda ya samu damar riƙe makirifo a irin wannan taro, ko ya samu lambar wayar ofishin mazaɓa, ga tambaya biyu da ba sa buƙatar digiri. Ta farko: ranka ya daɗe, a zaman da ka yi, wace rana ce ka ce a'a alhali jam'iyyarka na cewa e, kuma a ina aka rubuta? Ta biyu: in muka mayar da kai, za ka goyi bayan a riƙa kiran suna a kan kasafin kuɗi, da bashi, da dokar ta-ɓaci? A saurari amsar da kyau, a kuma ɗauke ta a waya.